Malachy Kwat, Wakilin Minista a Jana'iza

A Cloonkeel Malachy Tuohy biyu gare mu, kuma tun da nake ban taɓa jin ɗan gari ya rikita su ba. Akwai Malachy na Tafki, ɗan ƙanin mahaifinmu, wanda ya yi zamansa a bakin ruwa shi kaɗai da tumakinsa da wani mugun kare. Akwai kuma yayana, Malachy Kwat. Sunan kakanmu aka sa musu su biyun, unguwa ɗaya, coci ɗaya, shekara ɗaya tal tsakaninsu. Ko mai rarraba wasiƙu da ya kalli ambulan ya san ta wane ce. In ta maganin tumaki ce sai ya nufi tafki, in kuwa katin godiya ne daga gidan da aka yi rashi sai ya tura mana ta ƙarƙashin ƙofa.

Ni ce Attracta, ƙanwarsa. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu, na tarar yayana bai yi aure ba kuma ba shi da niyya, sai na riƙe masa gida. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa, ko dai na gani da idona, ko kuma ni na wanke na goge.

Motar madara ya tuƙa duk tsawon ƙarfinsa. Tun da asuba yake bi gona gona yana ɗiba, kafin tsakar rana ya gama. Aikin ya bar masa abu biyu: ɗan yatsan hannun dama da murfin tanki ya datse ya lanƙwashe, da kuma sanin mutane. Ya san gidan da ake shiga ta ƙofar baya, ya san 'yan uwan da suka daina magana saboda shingen gona, ya san wanda ke kwance ba lafiya tun kafin Fada, limamin cocinmu, ya sani.

A lokacin ne Fintan Ruddy, wani matashin malamin makaranta mai dogon wuya da daɗin baki, ya tsaya takarar kansila ya sha ƙasa. Bayan an gama ƙirga ƙuri'a ya zo gidanmu neman shayi da wanda zai tausaya masa. Ina nan ranar, na kawo wa mahaifiyarmu ƙwai.

"Malam," in ji yayana, "ka san abin da ya kayar da kai?"

"Jam'iyya ce ba ta tsaya mini ba. Ko hotunan kirki ba su buga mini ba."

"Wane hotuna. Tsohuwar gidan Heneghan ce ta kayar da kai, tana kwance a kabarinta. Ranar da aka binne ta ina kake?"

"Na kai yara wasan ƙwallo. Amma ai na buga musu waya."

"Waya." Malachy ya ajiye kofi. "A waya ake cinikin maraƙi, Malam. Ta'aziyya da ƙafa ake yin ta. Ka san yawan 'yan gidan Heneghan kuwa, da surukansu, da surukan surukansu?"

Fintan ya ce shi mutum ɗaya ne, yana aji daga safe har yamma, ba zai iya bin kowace gawa ba. Malachy ya ce shi da rana ba abin da yake yi. Daga nan aka fara. Fintan ya kai shi babban shagon cikin gari ya saya masa doguwar baƙar kwat ta ulu, mai nauyin tsiya, wadda in ta jiƙe sai gida ya ɗauki warin tunkiya. Ita ta ba shi sunan da ya bi shi har kabari.

Kullum da safe, bayan labarai, gidan rediyon yankinmu yakan karanta sunayen waɗanda suka rasu da inda za a ajiye gawa da lokacin binnewa. A gidanmu in an fara wannan karatu ko cokali ba ya motsi. Malachy yakan saurara da kansa a sunkuye, ya tsara yammarsa. Zai je ya shiga layi kamar kowa, ko da ruwa ake yi, ya kai ga jerin kujerun dangi, ya kama hannun kowa ya ce, "Sannu da wannan rashi. Fintan ne ya aiko ni." Ba ya maganar siyasa a wurin, ba ya shan shayi ya wuce kofi ɗaya. In an rasa mai ɗaukar akwati ya sa kafaɗa. Gidan 'yan jam'iyyarsu da gidan 'yan adawa duk ɗaya ne a wurinsa. Ya kuma tilasta wa Fintan sauraron sunayen nan kowace safiya, don in ya haɗu da mutum a hanya ya san abin da zai fara ce masa.

Zaɓe na gaba Fintan ya zama kansila. Daga nan sai majalisar ƙasa a Dublin, ya yi zama bayan zama, aka ba shi ƙaramin minista, aka karɓe da gwamnatinsu ta faɗi, aka sake ba shi da ta dawo. Ba zan ci amanarsa ba, ya yi aiki. Hanyar tsibiri shi ya tsaya aka yi ta, kuma ƙaramin asibitinmu da aka so rufewa har yau a buɗe yake. Amma duk wanda ya san yankin nan ya san cewa rabin ƙuri'unsa a bakin kabari aka shuka su. Har ta kai tsofaffi in sun ji jiki ya yi nauyi sukan ce wa 'ya'yansu, "Ku tabbata an gaya wa Malachy Kwat."

Ni dai abin ya daɗe yana cina. Mutumin nan ya tashi daga bikin 'yata tun kafin a yanka kek, wai akwai gawa a wani ƙauye bayan dutse. Na sha ce masa, "Yaya, shi yana can yana cin nama da manya, kai kana nan kana cin ruwan sama." Sai ya yi murmushi ya ce in miƙo masa burushin kwat. Ba siyasa ce ta riƙe shi ba, don ko manufar jam'iyya ɗaya ba na jin zai iya kawo maka. Son yaron yake yi. Bai haifi ɗa ba, sai ya ɗauki Fintan ya sa a wannan gurbin, kuma har Fintan ya yi furfura bai daina ce masa Malam ba.

Ranar da aka naɗa Fintan cikakken minista aka kunna wuta a mararrabar Cloonkeel, aka tara itace da tsofaffin tayoyi har hayaƙi ya rufe coci. Ya iso a baƙar motar gwamnati, samari suka ɗaga shi a kafaɗa. Malachy yana can baya cikin kwat ɗinsa, daga wata jana'iza ya biyo. Na ga Fintan ya ɗago masa hannu daga sama, na kuma ga yayana yana share ido yana cewa hayaƙi ne.

Ba a yi nisa ba wata mata mai sanyin murya ta bugo daga ofishin minista. Ta ce suna godiya ƙwarai da hidimar da ya daɗe yana yi, amma yanzu an sake tsari. Ofis zai riƙa aika katin ta'aziyya mai sa hannun minista zuwa kowane gida, saboda haka ya huta. Malachy ya ce, "To, madalla." Ya ajiye waya, ya rataye kwat a bayan ƙofa. Ya zauna yana jiran Fintan ya kira da kansa ya ce kuskure ne, ko ya ce ba kuskure ba ne amma ga dalili. Fintan bai kira ba.

Sai kuma ciwon zuciya ya kwantar da Malachy. Aka kai shi asibiti a Galway aka yi masa aiki. Duk lokacin ziyara ina zaune kusa da gadonsa, kuma duk wanda ya taɓa ƙofar ɗakin sai idonsa ya tafi can. Abin da ya zo shi ne kati mai hoton furanni, da fatan samun sauƙi, da sa hannun da inji ya buga. Na so in yayyaga shi. Ya hana ni, ya ce in jingina masa a jikin kwalbar ruwa.

Likita ya ce aiki ya yi kyau, zuciyar za ta kai shi shekaru. Amma mutumin da na dawo da shi gida ba shi ne na kai ba. Ya zauna a kujera gaban murhu, ya daina taɓa rediyo. In na zuba masa dankali da kabeji sai ya ci loma biyu ya ture. Wandunansa suka fara zamewa. Wata rana ina wanke-wanke ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba:

"Attracta, ranar tawa kada ki tsaya kallon ƙofa."

"Wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"Kati za su aiko. Ki ajiye shi tare da sauran, kada ki yi wa kowa rashin kunya. Ni ne ban gane ba. Duk shekarun nan ina tsammanin ni ake aikawa, ashe kwat ake aikawa, ni mai ɗauke da ita ne kawai."

Na ce wallahi yanzu zan buga wa Fintan Ruddy in wanke shi tas, minista ko ba minista ba. Ya ce in na yi haka ba zai yafe mini ba, domin zuwan da aka roƙa ba zuwa ba ne. Na tsaya da soso a hannu, tsoro ya kama ni. Mutuwarsa ba ita na fi tsoro ba, kowa zai mutu. Tsorona shi ne ya tafi yana ganin rayuwarsa duka aikin banza ce, kuma ina kallo yana gangarawa can ba ni da yadda zan yi.

Ana cikin haka, a watan Nuwamba, Malachy na Tafki ya rasu. Maƙwabci ne ya ji kare yana ta haushi ya leƙa ya same shi a kujera. Allah ya jiƙansa, amma mutum ne mai wuyar sha'ani. Ɗan adawa ne na gani kashe ni, kuma a duniya ba wanda ya tsana kamar Fintan. Duk zaɓe sai ya saki karensa a kan masu yi masa kamfe. Shi da yayana sun yi shekaru suna taya juna girbin ciyawa suna zagin jam'iyyun juna. Ba shi da kowa sai Imelda, 'yar ƙanwarsa da aka haifa a Ingila, wadda ba ta san kowa a nan ba. Don haka mu ne za mu zauna a kujerun dangi.

Jarlath mai gidan shirya gawa ya aika sanarwa rediyo yadda aka saba: Malachy Tuohy, Cloonkeel, ya bar 'yan uwa da maƙwabta, za a ajiye gawa da yamma. Ba wanda ya ga wani abu a ciki. Kafin rediyo ta faɗa kowa a gari ya riga ya ji daga bakin wani cewa na Tafki ne.

Da za mu fita yayana ya jawo wata tsohuwar jaket mai ruwan ƙasa. Na sauko da kwat daga bayan ƙofa na kakkaɓe ta.

"Ba aiken kowa zan je ba," in ji shi.

"Sanyi bai san da wannan ba. Sa."

Ya sa, ta yi masa yawa kamar ta aro.

Gidan Jarlath dogon lungu ne da shi kafin a shiga ɗakin gawa. Mutum zai fara gaisa da dangi, sannan ya ƙarasa wajen akwati a can ciki. Ni ce a kujerar farko, sai yayana, sai Imelda. Karo na farko ke nan da na ga Malachy a zaune ana miƙo masa hannu, kuma bai san yadda zai yi da kansa ba. Mutane sun zo ba laifi, don a nan ko ba a son ka za a zo a tabbatar. Layi ya fita har titi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Abin da ya faru a waje daga baya na ji shi, daga bakin Padraic Heneghan, jikan tsohuwar nan, wanda ya ba da labarin a kowane gida har ya gaji. Ya ce yana tsaye sai ya ga baƙar mota ta tsaya nesa, wani ya fito ba laima ba hula ya shiga layi a bayansa. Ya waiga ya ga minista.

"A'a, Minista, kai ne da kanka? Lallai kana da zuciya. Bayan duk abin da marigayi yake faɗa a kanka."

"Yana da gaskiya," in ji Fintan. "Na cancanci abin da ya fi haka."

"Ko kwanan nan na ji shi yana cewa ba abin da ka iya sai daɗin baki."

Padraic ya ci gaba.

"Ka kuma san bai taɓa ba ka ƙuri'a ba? Da bakinsa yake alfahari. In ana jera 'yan takara da lamba a takardar zaɓe, ba ta ɗaya ba, ba ta biyu ba, ko lambar ƙarshe bai taɓa sa maka ba."

Padraic ya ce sai ya ga mutumin ya dafa bango. "Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ruwa na bin wuyan Fintan. Can ya ce, "To. Ƙuri'arsa ce. Ba ita na zo yi wa ta'aziyya ba."

Jarlath ya hango shi ya fito da gudu da laima, zai shigar da shi ta ƙofar gefe. Fintan ya ƙi. Ya ce ba a tsallake layi a gidan makoki, marigayi ne ya koya masa. Padraic ya ce shi dai ya rasa yaushe na Tafki ya koya wa wani abu in ban da gudu.

Ni kuwa ina ciki na ɗago kai na ga Fintan a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, tabarau duk ruwa. Jinina ya hau nan take. Wato gawar wanda ya tsane shi ta isa ta kawo shi daga Dublin, amma mai rai da ya ba shi ƙuruciyarsa bai isa ba. Na ce a raina zaɓe ya kusa ke nan. Ya iso ya kama hannuna da hannu biyu, sanyi ƙalau, idanunsa jawur.

"Attracta, sannu da wannan rashi. Ba ni da bakin yi miki magana."

"Mun gode, ranka ya daɗe. Ashe ba ka manta hanya ba."

Ya karɓi maganar bai ɗago ba. Ya matsa gaba ya kama hannu na biyu, ya buɗe baki zai faɗi abin da ake faɗa, sai ya tsaya. Ina kallo babban yatsansa ya bi ta kan lanƙwasasshen yatsan nan, ya dawo, ya sake bi. Sannan ya ɗago kai a hankali.

"Malam," in ji yayana, "ka jiƙe."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Jarlath yana kusa ya turo masa kujera, sai ga ministan gwamnati zaune a jerin dangin mamaci, riƙe da hannun Malachy ya ƙi saki.

"To wa ke cikin akwatin?" ya tambaya.

"Na Tafki."

Sai maganar ta fara bin layi a raɗa, daga baki zuwa kunne har titi, kana jin inda ta kai saboda tarin ƙarya da mutane suke yi don danne dariya. Fada ya juya yana duban bango. Imelda ta sunkuyo ta tambaye ni, "Anti, ashe kawuna ya san minista?" Na ce mata ya san shi sosai, ba ranar da ba ya ambatonsa.

Fintan ya so ya fara magana a nan, Malachy ya hana shi. "Ka tare layi, Malam. Tashi ka gaida 'yar ƙanwar marigayi, ka je ka yi masa addu'a. Sai mu yi magana." Ya kuwa tashi ya yi. Ya tsaya a kan gawar mutumin da ya sha sakar masa kare, ya yi addu'ar da na tabbata ba a taɓa yi wa na Tafki mai zafinta ba.

Da layi ya ragu muka shiga ɗan ɗakin shayi mu uku. Na zuba musu, na tsaya a jikin ƙofa, don ba ni da niyyar barin su su kaɗai.

"A ina ka ji?" in ji Malachy.

"A rediyo. Ina mota za ni ofis."

"Har yanzu kana sauraron sunayen?"

"Ban taɓa fasawa ba."

"Kuma ka kasa ɗaga waya ka tambaya?" na ce. "Ka ƙetare ƙasar nan kaf kana kukan mutumin da yake zaune yana shan magani?"

"A waya ake cinikin maraƙi," in ji shi. "Sannan kuma, Attracta, tsoronki nake ji."

Na ce wannan dai ya yi hankali.

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Ya ce maganar kati an kawo masa ne cikin tarin takardu ya ce a yi, bai tsaya ya yi tunanin wanda abin zai taɓa ba. Da ya ji an yi wa Malachy aiki ya ce gobe zai zo, goben ta zama mako, daga nan kunya ta hana shi, kullum tana ƙaruwa. Bai nemi ya wanke kansa ba, na ba shi wannan. Sannan ya ce, "Kuma ko da ba ka taɓa zaɓena ba, Malachy, ban ga laifinka ba."

"Ni? In ji wa?"

"Padraic Heneghan, yanzu a layi."

"Na Tafki yake nufi mana. Ni da tun kana kansila nake ba ka ta ɗaya, har ina jan wannan matar ita ma ta ba ka." Ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita. Sai dariyar ta tsaya. Ya dubi Fintan da kyau. "Tsaya. Wato ka ji haka, kana ganin ni ne, kuma ka ci gaba da tsayuwa a ruwa?"

Fintan ya ɗaga kafaɗa kawai.

Yayana ya juya kofi a hannunsa. Ko da ya daina kunna rediyo, jarida ba ta wuce shi ba. "Yau ba ranar ƙuri'ar kasafi ba ce a majalisa?"

"Ita ce."

"Gwamnatin da da ƙyar take tsaye, ka baro ta ka taho? Shugabanku zai cinye ka ɗanye. Ai sai ka aiko wani."

"Wa zan aiko, Malachy?" in ji shi. "Kai nake aikowa."

Yayana ya sunkuyar da kai yana gyara maɓallin kwat wanda ba abin da ya same shi. Ni kuma na juya na shiga wanke kofunan Jarlath da ba nawa ba, don kada Fintan Ruddy ya ga hawayena ya ɗauka mun shirya. Wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji na ji ya sauka, har sai da na dafa bakin famfo.

Da muka koma gida Malachy ya cinye abincinsa ya nemi ƙari. Yana cikin ci ya ce, "Kin san duk garin nan ni kaɗai ne na ga wanda zai zo jana'izata?" Washegari ina kicin na ji an kunna rediyo.

Fintan ya kwana a gari, da safe ya sa kafaɗa aka ɗauki na Tafki da shi. Mutane suka ce sun ga akwatin yana motsi don haushi. Gwamnati ta tsallake ƙuri'ar da ƙyar, amma shugabansu bai manta ba. Da aka zo sauya ministoci aka ajiye Fintan, jaridu suka yi ta rubuta dalilai masu tsawo. Shi kuwa ya gaya mini rabonsa da barci mai daɗi irin na makon nan tun yana koyarwa. Ya ƙarasa zamansa a majalisa, bai sake tsayawa ba.

Bayan nan kusan kowace yamma za ka ga wata tsohuwar mota ja ta tsaya a ƙofarmu. Fintan ke tuƙi, Malachy na gefe cikin kwat yana gaya masa ya rage gudu. Babu sauran ƙuri'ar da suke nema, zuwa kawai suke yi. In sun isa jerin dangi ba mai cewa wani ne ya aiko shi. Kwat ɗin ta dawo ta zauna masa daidai, har sai da na matsar da maɓalli.

Ya ƙara shekaru masu kyau, ya ga auren jikata, kuma a wannan karon ya zauna har aka yanka kek. Ya rasu a gadonsa wata safiya ta bazara, ba wahala. Da Jarlath ya zo rubuta sanarwa na ce ya sa Malachy Kwat, ko da yake yanzu ba sauran wanda za a rikita shi da shi.

Na zauna a kujerar farko a gidan Jarlath, wannan karon ba kowa a ta biyu sai 'yata. An ce layi ya wuce coci ya kai mararraba, kuma ruwa ake yi, don ba ya fasawa. Na gaisa da mutanen da ban taɓa gani ba, daga tsibiri, daga bayan dutse, kowa yana gaya mini ranar da yayana ya zo musu. Na yi kuka, amma hankalina a kwance yake. Ya ce kada in tsaya kallon ƙofa, kuma ban kalla ba ko sau ɗaya. Na san Fintan yana can waje a layi, ba laima, yana jira a zo kansa.